Saƙon da Nuriyya Ta Aika wa Kawu Kailu

Akwai wata budurwa a unguwar Bromakoté, cikin Adjamé a birnin Abidjan, ana kiran ta Nuriyya. Idan matan unguwar suna yi wa 'ya'yansu faɗa, da ita suke misali. "Ba ki ganin Nuriyya? Ta yi lakwal, ta yi boko har ta ƙure, amma ko tarinta ba a ji." Gaskiya suke faɗi. Yarinyar nan ba ta taɓa haɗa ido da babba ba, kuma idan aka zuba mata gishiri a shayi bisa kuskure, shanyewa za ta yi ta ce an gode.

Mahaifinta ya rasu tana rarrafe. Kawunta Kailu, yayan mahaifiyarta, shi ya kwaso su ita da uwar, Inna Maijidda, ya ba su ɗaki a gidan da yake haya. Irin gidajen nan ne na Abidjan, ƙofofi a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa.

Sana'ar Kailu zubin tukwane ce. Iyayensa daga Nijar suka zo da ita, shi kuwa a Adjamé aka yanke masa cibiya. Yana da rumfa a bayan unguwa inda yake narka tsohon alminiyon, ya zuba a akwatin yashi, tukunya ta fito. Masu abinci na kasuwar Marché Gouro da mahauta masu dafa kai da ƙafa duk shi suke nema.

Tukunya idan ta fito daga yashi da kaushinta take fitowa, sai an bi ta da magagari. Wannan aikin a gida ake yin sa. Matarsa Tsahara ce ke zama a tsakar gida daga hantsi zuwa la'asar tana gurza, garin ƙarfe yana zuba a ƙasa, kafin magariba ta share.

Da zafin wannan wutar Kailu ya yi wa Nuriyya karatu, har ta fito da sanin ƙarafa da kayan gini. Ranar da ta samu aiki a wani labo a Treichville, inda ake gwada rodi da siminti da ƙarafan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa, bai iya cin abinci ba don murna. Ya zuba mata wata 'yar ƙaramar tukunya ta kai abinci wurin aiki, da sunanta a jikin murfin. Shi da ba ya karatun boko, sai da ya sa aka zana masa baƙaƙen a yashi.

A gidan akwai Iklima, autar Kailu da Tsahara, wadda ta zo bayan sun fid da rai. Ba ta kai shiga lakwal ba, amma bakinta ya fi na kowa. Hausa, Julanci da Faransanci duk a jimla ɗaya take zuba su. Kullum da yamma tana bakin ƙofa tana jiran Nuriyya, da ta hango ta sai ta ruga da gudu.

"Ya Nuli! Mi kika kawo mini?"

Ko alewa ɗaya ce, sai ta zaga gidan ta nuna wa kowa.

A labo kuwa, shugabar Nuriyya wata mata ce ana ce mata Madam Akisi, doguwa, mai gilashi, ba ta iya kwana-kwana ba. Tana son aikin Nuriyya, don hannun yarinyar ba ya rawa, awonta kuma ba a sake shi. Abu ɗaya ne yake haɗa su. Idan ɗan kwangila ya kawo rodi aka gwada aka ga ba shi da ƙwari, sai Nuriyya ta sunkuyar da kai ta ce masa, "Ya ɗan rage kaɗan." Mutum ya tafi yana murmushi, a zatonsa ya ci.

Rannan Madam ta kira ta ofis ta rufe ƙofa.

"Nuriyya, inji ya yi nasa, saura naki. Mutum ya kawo rodi marar kyau, ki dube shi ki ce ba shi da kyau. Ki faɗa masa abin da zai faru idan ya sa shi a gini. Sannan ki sa ya maimaita miki abin da ya ji. Rezulta ta gwaji da ba ta shiga kunnen mai abu ba, ni a wurina ba a yi ta ba."

"To, Madam," in ji Nuriyya, kanta a ƙasa.

Ni dai a ganina Madam ta yi gaskiya. Amma abin da aka yi shekaru ana yaba wa mutum a gida, ba ya fita da faɗan rana ɗaya a ofis.

Akwai wata na'ura a labon, ta riƙewa a hannu, suna kiran ta pistole. Idan aka ɗora bakinta a kan ƙarfe, sai ta nuna a allo abin da ke cikinsa. Wata safiya Nuriyya ta kunna ta, tana neman abin da za ta taɓa don ta ga ko ta tashi daidai, sai idonta ya faɗa kan 'yar tukunyarta. Da wasa ta ɗora a kan murfin, daidai inda sunanta yake.

Abin da ta gani ya sa ta sake ɗorawa. Ta juya tukunyar ta taɓa gindi, ta taɓa ciki. Duk inda ta taɓa, allon yana nuna dalma, wadda Faransawa ke cewa plom, irin wadda ke cikin batirin mota. Ba kaɗan ba.

Ashe Madam tana tsaye a bayanta.

"Wa ya yi wannan tukunyar?"

"Kawuna ne, Madam."

Madam ta zuba ruwan tsami a ciki ta tafasa, suka auna ruwan. Dalmar ta bi shi ta fito.

Nuriyya ta san dalili ba sai an faɗa mata ba. Tun da masu fitar da kaya waje suka fara kwashe alminiyon mai kyau, Kawu ya koma sayen tarkace a wurin masu fasa motoci da 'yan kasuwar Black Market: tsohon lagireto, kan inji, guntaye da ba a san asalinsu ba. Har yana murna tukwanen sun ƙara nauyi, don masu saye nauyi suke so.

"Ki saurare ni da kyau," in ji Madam. "Duk abu mai tsami da aka dafa a ciki, yana jawo ta. Garin da ke zuba idan ana gurzawa ya ma fi muni. Babba yana iya ɗauka ya daɗe bai sani ba. Ƙaramin yaro, ƙwaƙwalwa take ci masa. Akwai yara a gidanku?"

"Akwai ɗaya."

"To yau za ki faɗa masa. Da bakinki. Idan bai yarda ba ki kawo mini shi nan ya gani da idonsa."

A cikin woro-woro, tasin nan ta haɗaka, tun daga gadar Treichville har Adjamé, Nuriyya tana tsara maganar a ranta. Ta tsara ta da Faransanci, ta juya ta Hausa, ta ga ta yi kaifi, ta sake tsarawa. Da ta shiga gida sai ta tarar da Kawu zaune a kan benci da maƙwabta biyu, Iklima a cinyarsa.

"Ga injiniyata nan!" in ji shi da ƙarfi. "Ku dube ta. Tukunya ta yi wannan. Wanda ya raina tukunya ya zo ya ga ɗiyata."

Maƙwabta suka yi dariya suna sa albarka. Nuriyya ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce a ranta ba a gaban mutane ba, sai ta wuce ɗaki.

A ɗaki ta faɗa wa mahaifiyarta komai, ba ta rage ba. Ta ce akwai guba a tukwanen Kawu, ta ce tana iya lalata yaro har abada, ta ce dole a daina wannan ƙarfen kuma a daina gurza a tsakar gida.

Inna Maijidda ta yi maza ta saki labule.

"Rage murya! Guba? Tukunyar da kika ci kika girma?"

"Inna, da ba wannan ƙarfen yake narkawa ba."

"Ke yarinya ce. Idan kalmar nan ta fita tsakar gida yau, gobe tana Marché Gouro. Wa zai sake sayen tukunyar Yaya? Kuma a ce daga bakin wa ta fito? Daga bakin wadda ya yi wa karatu. Kina so a ce kin ci kin ƙoshi kin juyo kin kashe masa wuta?"

Nuriyya ta fara kuka.

"To ni ya zan yi, Inna? Iklima a cikin garin nan take wasa."

"Ki bar mini. Ba ke za ki tari Yaya da wannan ba. Ni na san yadda zan isar."

A gidan Kailu haka ake yi, kuma na san gidajenmu da yawa haka suke. Ƙarami ba ya tarar babba da magana mai nauyi, sai a bi ta hannun wani. Al'ada ce mai kyau idan rediyon babba ne ya dame ka, ko kana neman izinin tafiya. Amma duk hannun da magana ta bi, sai ya ɗan rage mata zafi don kada ta ƙona shi.

Nuriyya ta ji kamar an sauke mata kaya. Abin da ya biyo baya, sai daga baya ta sani.

Inna Maijidda ma ƙanwa ce, zaman alfarma take yi a gidan yayanta, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Don haka wurin Tsahara ta je, suna wanki a bakin famfo. Kalmar guba ta yi mata nauyi a baki, sai ta ce, "Matar Yaya, Nuriyya ta ce injin wurin aikinsu ya ga wani ɗan datti a jikin tukwanen nan. A dai riƙa kula."

Tsahara da ta ji datti, sai ranta ya sosu, don ita ce mai gurza. Ta ɗauka aikinta aka kushe. Da Kailu ya dawo cin abincin rana ta ce masa, "Ɗiyar taka ta aiko. Wai a wurin aikinsu an ce tukwanenmu ba su fita ba, gugar ba ta isa ba."

Kailu bai ji haushi ba ko kaɗan. Daɗi ya ji, injiniyarsa ta fara gyara masa sana'a. Washegari ya sayo sababbin magagarai da takardar yashi, ya ce daga yau kowace tukunya a bi ta ciki da waje har mutum ya ga fuskarsa. Tsahara ta ɗaura ɗamara don ta fitar da kanta kunya. Garin da ke zuba a tsakar gida ya ninka, ya kuma ƙara laushi. Iklima kuwa tana gefen uwarta, tana tara shi a murfin kwalba tana cewa tana dafa wa 'yar tsanarta tuwo.

Duk wannan da rana ake yi, Nuriyya tana Treichville. Kafin ta dawo an share.

Da yammar nan Kawu ya tare ta da fara'a.

"Ɗiyata, saƙonki ya iso. An gyara. Allah shi yi miki albarka."

"Amin, Kawu. Na gode."

Jama'a, a nan ne nake jin haushin Nuriyya. Tambaya ɗaya ce ta rage mata: Kawu, me aka ce maka? Ba zagi ba ce, ba rashin kunya ba ce. Amma ta ga fuskarsa a sake, ta ji tsoron ɓata ta, sai ta shige ɗaki.

Da ta ga sababbin tukwane suna ƙyalli a jere, ta ce a ranta lallai ya canza ƙarfe. Pistole na nan a labo, kullum tana hannunta. Murfi ɗaya za ta sa a jaka ta tabbatar. Ba ta ɗauka ba, don a can ƙasan ranta tana tsoron abin da allon zai nuna.

Madam ta tambaye ta, "Kin faɗa masa?"

"An faɗa masa, Madam."

"Ban ce an faɗa ba. Ke kin faɗa?"

Nuriyya ta gyaɗa kai. Madam ta dube ta ta saman gilashi, sai aka kira ta a waya, maganar ta wuce.

Abu ɗaya Nuriyya ta yi. A ƙarshen watan ta shiga kasuwa ta sayo tukunyar inoks, irin farin ƙarfen nan na kanti, ta kai ɗakinsu. Ta ce wa Inna ta fi dacewa da gas. A cikin ɗaki suke girki da ita, ba ta fita tsakar gida. 'Yar tukunya mai sunanta kuma ta ɗora ta a saman kabad.

Damina ta shigo ta fita. Iklima ta fara canzawa, a hankali, yadda ba mai cewa ga ranar da abin ya fara. Ta rage cin abinci. Tana riƙe ciki tana kuka, bayan gida ya gagara. Yarinyar da ke zaga gida da surutu ta koma fushi da jifa da kwano. Tana tafiya sai ta yi tuntuɓe ba abin da ta taka. Aka ce haƙori ne, aka ce zazzaɓi ne, aka ce baki ne ya kama ta saboda wayonta. Aka karɓo rubutu.

Nuriyya tana gani, amma da zargi ya zo mata sai ta tuna Kawu ya ce an gyara.

Wata safiya za ta fita aiki, ta ga tukunya a ƙofar Tsahara, an tafasa tsamiya a ciki an bar ta ta kwana. Tsahara tana tacewa a kofi.

"Na Iklima ne," in ji ta. "An ce yana sakin ciki. Kullum nake ba ta yanzu."

Nuriyya ta tsaya cak.

"Tanti, da kin juye a roba."

"A'a, kada ki damu, wannan cikin gyararrun ce. Dubi yadda take haske."

Nuriyya ta dubi tukunyar, ta dubi Iklima da ke kwance a tabarma ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta buɗe baki, sai ta ga maƙwabciya ta fito da bokiti. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi neman mota.

Ba a yi nisa ba aka kira ta a labo da tsakar rana. Iklima ta faɗi tana jijjiga, idanu sun juye, an ɗauke ta zuwa wani asibiti a nan Treichville. Nuriyya ko farar rigar aiki ba ta tuɓe ba.

Likitan da ya karɓe ta mutum ne mai lura. Bayan an shawo kan jijjigar ya tambayi sana'ar uban, ya tambayi inda yarinyar ke wasa, ya sa aka ɗebi jini. Ranar da sakamako ya fito ya kira su ofis. Faransancin Kailu na kasuwa ne, na ciniki da gaisuwa, don haka ya juya wurin Nuriyya.

"Ɗiyata, faɗa mini mi lokotoro ya ce. Kada ki rage mini komi."

Sai ga shi maganar da ta kasa faɗi a tsakar gida, a nan dole ta fito daga bakinta, jimla bayan jimla. Ta ce dalma ce a jinin Iklima, mai yawa. Ta ce daga tukwanen take, da garin gurza. Ta ce za a ba ta magani ya rage, in sha Allahu za ta rayu. Da likita ya faɗi ta ƙarshe sai ta sunkuyar da kai.

"Mi ya ce?"

"Ya ce abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa, Kawu, ba lallai ya dawo ba."

Tsahara ta ɗora hannu a ka ta fita da gudu. Kailu bai motsa ba. Sai da suka fito baranda ya jingina da bango, ya yi ta kallon tafin hannunsa.

"Da hannuna," in ji shi. Can ya ɗago. "Amma ke, ba aikinki ke nan ba? Injinku bai ganin irin wannan?"

"Yana gani, Kawu."

"To?"

"Ya gani. Saƙon da na aiko ke nan."

Kailu ya dube ta, ya dubi Inna Maijidda da ke rakuɓe a gefe tana rufe fuska da mayafi.

"Ni saƙon da ya iso mini, an ce in ƙara guga. Na ƙara. Wallahi don in faranta miki na ƙara. Nuriyya, ɗakinki na kallon nawa. Kullum kina durƙusa mini. Mi ya hana ki faɗi?"

"Kunya, Kawu."

Bai zage ta ba. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Ya maimaita kalmar sau ɗaya a hankali, ya koma ɗakin da Iklima take kwance.

Tun Iklima tana asibiti ya kashe wutar rumfarsa, ya fasa akwatunan yashi. Ran Lahadi shi da Nuriyya suka riƙa bin masu abinci rumfa rumfa. Yanzu bakinta ya buɗe. Tana duban tsohuwa sa'ar kakarta ido cikin ido ta ce akwai guba a tukunyar nan, kada ki ƙara dafa wa yaro abinci a ciki, faɗa mini abin da kika ji na ce.

Kaɗan ne suka saurara. Wata a Marché Gouro ta ce ta daɗe tana miya a ciki ba wanda ya mutu. Wata ta ce sai dai a ba ta sabuwa. Wasu suka ce yako, wato sannu, Allah ya ba yarinya lafiya, suka ci gaba da juya miyarsu. Da yawan tukwanen ma sun bi motoci zuwa garuruwan da Kailu bai taɓa takawa ba. Masu zubi na kusa da rumfarsa kuwa ba su kashe tasu wutar ba, kuma kwastomominsa can suka koma.

Madam Akisi ba ta kore ta ba, ba ta kuma ce na faɗa miki ba. Ta dai ce ran Lahadi idan za ta zaga, za ta raka ta da pistole.

Ranar da aka sallamo Iklima, gidan ya cika da masu sannu. An wanke tsakar gida da ruwa har sau ba adadi, an kwashe tukwane duka an tara su can bayan gidan. Tsahara ta shigo da ita a goye, ta sauke ta a tabarma. Yarinyar ta rame, wuyanta ba ya tsayawa sosai, bakinta a ɗan buɗe.

Nuriyya ta durƙusa a gabanta, ta fito da alewa daga jaka.

"Iklima. Ga Ya Nuli. Ba ki tambaye ni abin da na kawo ba."

Iklima ta dube ta kamar yadda take duban bango. Ba ta miƙo hannu ba.

Da mutane suka ragu, Tsahara ta tashi za ta dama wa yarinyar kunu don ta sha magani. Sai ta tsaya tana waige-waige, don babu tukunya ko ɗaya a ɗakinta da likita bai hana ba. Inna Maijidda, da son ta taimaka, ta shiga ɗaki ta fito da ta inoks.

"Ga wannan, matar Yaya. Wannan ba ta da komai."

Kailu yana zaune a kan benci. Ya miƙa hannu, aka ba shi. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a kan tukunya, ba sai an faɗa masa shekarunta ba. Ya juya ta ya dubi gindin. Wuta ta ci shi ya yi duhu, ga shatin soson ƙarfe inda aka sha kankarewa, hannun ma ya fara sassautawa.

"Wannan ta daɗe bisa wuta," in ji shi. "Wa ya saye ta?"

Inna Maijidda ta gane abin da ta yi, ta dafe baki.

"Ni ce, Kawu," in ji Nuriyya.

"Yaushe?"

"Tun lokacin. Watan da na gani."

Kailu ya daɗe yana shafa bakin tukunyar da babban yatsa. Ya dubi 'yarsa a tabarma, yawu na zuba a gefen bakinta. Sannan ya miƙa wa Tsahara tukunyar, ya ce ta je ta dama kunun. Da ya juyo wurin Nuriyya babu faɗa a muryarsa, hawaye ne kawai ke bin gemunsa.

"Da kin sayo biyu, ɗiyata."

Darasi: Sanin inji da iya awo rabin aiki ne. Duk mai karatun ƙarafa, gini, magani ko wani fanni da ran mutane ke rataye a kansa, ya sani cewa aikinsa bai ƙare ba sai ya faɗa wa mai abu gaskiya da bakinsa, da harshen da zai gane, ya ji ya maimaita, sannan ya koma ya duba ko an gyara. Kunya da girmama manya suna da wurinsu, amma ba a aika saƙon guba ta hannun wani. Mu manya kuma mu sassauta fuska, yadda yaranmu da muka sa a makaranta za su iya faɗa mana abin da suka gani. Idan labarin nan ya taɓa ka, tura wa wani ɗalibi ko ma'aikaci da ka sani, wataƙila yau akwai maganar da ta tsaya masa a maƙogwaro.